Yadda Kaltume Ta Koyi Tsallake Tambaya

Shekara goma sha ɗaya Kaltume Mala ta yi tana aiki a ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti a cikin gari, amma a takardar aiki sunanta mai shara. Matar yayana Isyaku ce, gidanmu ɗaya a Gwammaja, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Ita ke dafa almakashi, ita ke canza zanin gado, ita ke riƙe hannun mai naƙuda tana yi mata addu'a a kunne. Na taɓa sa ta ta ƙirga mini haihuwar da aka yi a gabanta, muka haura ɗari takwas ta ce ta gaji da ni. A ciki akwai goma sha tara da ita kaɗai ta karɓa, don ungozomar ba ta iso ba. Duk da haka ko allura ba ta da izinin yi wa kowa.

'Yar unguwar Kabara ce. Kakanta daga Borno ya zo, mahaifinta kuma Goni Mala ne, wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau bakwai. A gabansa ta sauke, a gabansa ta haddace, tana yi tana zuwa boko. Ta gama sakandare da kiredit huɗu masu kyau, har da Turanci. Lissafi kuwa F9, faɗuwa warwas. Bayan ta yi aure ta sake zama jarrabawar GCE saboda lissafin nan kaɗai, ta samu fas, wanda ba ya kai mutum ko'ina.

A shekarar 1999 soja suka miƙa mulki, bangon unguwa duk ya cika da hotunan 'yan takara, kowane sabon zaɓaɓɓe yana neman abin da zai nuna. A watan Yuli Hajiya Luba, shugabar ɗakin haihuwar, ta kira Kaltume ofis. Ta ce an ba asibitinsu gurbi ɗaya na tura tsohuwar ma'aikaciya makarantar ungozoma, ta tafi da albashinta. Sharaɗin shi ne kiredit biyar, lissafi a ciki.

"Zan riƙe miki gurbin har sakamakon GCE na bana ya fito," in ji Hajiya Luba. "In ya fito babu, wata zan ba. Kin san 'yan siyasa, ƙofar da suka buɗe bana ba lallai su tuna da ita baɗi ba."

Lokacin Kaltume tana da shekara talatin da ɗaya da 'ya'ya uku. Ni ina da ashirin da biyu, ina koyar da lissafi a aji shida na firamare, kuma ina ganin babu abin da zai gagare ni in dai an ba ni takarda da biro. Ranar da ta dawo da labarin na ɗauko kalanda na ƙirga: kwana ɗari da shida ya rage a yi jarrabawar.

"Anti, ki bar mini wannan," na ce.

"Ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa ba sai da gudaji?"

"Tuwo daban, lissafi daban."

Dabarata ta farko ita ce ƙirga. Na aro littafin tsofaffin tambayoyi na shekara goma, na ware takardar da ake zaɓen amsa ɗaya, tambaya hamsin kowace shekara, ɗari biyar ke nan. Na samo kwali na ja layi, kowace tambaya na sa mata alama a gidanta. Aljabara ta fito sau ɗari da sha huɗu. Kusurwa da da'ira sau tamanin da tara. Irin waɗanda ake cewa jirgi ya tashi daga wani gari ya nufi gabas, ya juya arewa, ina nisansa, sau goma sha ɗaya kacal. Na ce to, mu zuba ƙarfinmu inda tambaya ta fi yawa. Kullum bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, awa ɗaya da rabi.

Mako shida muka yi a haka, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu inda ta gaza. In na rubuta mata ƙa'ida sau ɗaya ta karanta, ta zauna ke nan. In na ba ta tambaya goma ta kawo tara daidai, ta goman ma sau da yawa ni ce na kwafo ba daidai ba. Na fara tambayar kaina, wannan matar ta yaya ta ci F9?

Wata Asabar da hantsi na ce yau gwajin gaske za mu yi. Na kori yara gidan maƙwabta, na ba ta takardar wata shekara da ba mu taɓa ba, na cire agogona na ajiye a kan turmi. Tambaya hamsin, minti casa'in.

Ta yi bisimilla ta fara daga ta ɗaya. A minti na talatin da ɗaya tana kan ta goma sha huɗu. Ba sauri ba ne, amma ban damu ba tukuna. Sai ta iso ta goma sha biyar, ta jirgin nan.

Minti arba'in tana kanta. Ta zana, ta goge, ta sake zanawa. Minti hamsin. Na yi gyaran murya, ba ta ɗago ba. Minti sittin, gumi ya fara ɗiga daga haɓarta kan takardar, leɓenta yana motsi kamar mai tilawa. Na tashi na zaga tsakar gida na dawo, na ga yatsanta na hagu yana nan danne a kan lamba goma sha biyar, ko gezau. A minti na tamanin da huɗu ta ce "Alhamdu lillahi" ta cike amsar. Ta yi biyu bayanta, lokaci ya cika.

Goma sha bakwai ta amsa. Goma sha shida daidai ne, har da ta jirgin. Talatin da uku ko karanta su ba ta yi ba.

"Anti, me ya hana ki wuce ta?"

"In wuce ta ina?"

"Ki tsallake mana, ki tafi ta sha shida. Maki ɗaya ne fa kowacce, mai wuya da mai sauƙi."

Ta dube ni kamar na ce ta yi salla ba alwala.

"Ban biya wannan ba, in ɗora wata a kanta?"

A nan na gane inda ciwon yake, kuma na gane mako shida na ɓata ina shafa magani a wani wurin. A makarantar Goni ba a wanke allo sai an biya abin da ke kansa ba gargada. Ba a ƙara wa ɗalibi aya sai ya kawo ta baya. Wanda ya tsallake kalma, ko da mantuwa ne, komawa yake tun daga farko. Haka aka gina kan Kaltume tun tana shekara huɗu. Na tambaye ta jarrabawa biyun da ta yi a baya. A ta farko lokaci ya cika tana kan tambaya ta goma sha biyu, a ta biyu tana kan ta ashirin da ɗaya. Shekara da shekaru tana ɗauka ita daƙiƙiya ce a lissafi, kuma babu wanda ya taɓa tambayarta guda nawa ta amsa.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Asabar ta gaba na zauna da cokali da faranti, duk minti biyu in ƙwanƙwasa, in ta gama in ba ta gama ba ta matsa gaba. Ta bi umarni, amma hannunta ne kawai ya matsa. Ina ganin idonta yana komawa sama wajen wadda ta bari. Ta amsa talatin da ɗaya, goma sha biyar ne daidai. Ƙasa da na farko.

Ta ture takardar.

"Kin hargitsa mini kai, Bahijja. Da ina cin abin da na taɓa, yanzu ko shi ba na ci. Ki bar ni da hanyata, zan ƙara sauri."

"Ko kin ninka saurinki biyu, tambaya ɗaya mai taurin kai ta ishe ki. In ta zo a ta uku fa?"

"Allah ba zai kawo ta a ta uku ba."

"Masu jarrabawar sun yi miki alkawari ne?"

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Saura kwana arba'in da bakwai. A cikin makon ne kuma ta dawo daga aiki jikinta a sanyaye, ta gaya wa Yaya Isyaku, ina ji daga ɗakina, cewa akwai wata yarinya da kiredit ɗinta biyar a hannu, ɗan'uwanta yana da faɗa a ji a sakatariya, an fara zuwa wa Hajiya Luba da maganarta.

Ranar Juma'a Kaltume takan je Kabara gaida mahaifinta. Na ɗauki mayafina na bi ta ba tare da ta gayyace ni ba. Niyyata in faɗa wa tsohon nan ido da ido cewa tarbiyyarsa ce za ta hana 'yarsa zama ungozoma.

Muka same shi a ɗakin zaure a kan buzu, takarda a gwiwa, alƙalami a hannu, kwalaben tawada uku a gefensa. Mu gidanmu Fulani ne, shi kuwa Babarbare, don haka tun ranar ɗaurin auren Kaltume bai taɓa barina na zauna lafiya ba.

"A'a, 'yar Fulani ce da kanta? Wa kika bar wa shanun?"

"Suna nan lafiya, Baba Goni. Sun ce in gaida bawansu."

"Ji mara kunya. Kaltume, ba ta ruwa kada ta ce Barebari rowa."

Na zayyana masa komai da lambobinsa: hamsin, casa'in, goma sha bakwai, minti hamsin da uku a kan tambaya ɗaya. Kaltume tana gefe kanta a ƙasa. Bai katse ni ba, bai kuma daina rubutu ba sai da ya kai ƙarshen layi. Sannan ya goge bakin alƙalamin ya dubi 'yarsa.

"Gaskiya ta faɗa?"

"Gaskiya ne, Baba. Ni dai ba na iya barin abu a baya. Kai ka hana mu."

"Na hana ku a allo." Ya miƙo mata takardar da ke gwiwarsa. "Me kika gani?"

"Baƙi ne zalla. Ba a sa wasali ba."

"Waccan fa?"

Ta ɗauko wata daga cikin tarin da ke gefe. Wannan an bi ta da jar tawada, wasali duk ya hau, amma babu ɗigon ruwan ɗorawa da ake sa wa hamza.

"Shekara nawa kina dama mini tawadar nan, ba ki taɓa lura ba?" ya ce. "Izu guda nake bi da baƙi, ban waiwaya ba. In na gama in dawo da ja. In na gama in dawo da ɗorawa. Da zan tsaya a kan kowane harafi in yi masa kala uku kafin in matsa, da har yanzu ina kan na farko, kakanki yana jira a kabari." Ya sa yatsa a tsakiyar shafin baƙin, inda aka bar fili kamar faɗin ɗan yatsa biyu. "Nan kuma ayar tana da 'yar'uwa mai kama da ita a wata sura, zuciyata ta yi kokwanto. Na bar mata wurinta na wuce. Kafin in kai ƙasan shafi takan zo da kanta. In ba ta zo ba, in na idar in zauna da ita."

Kaltume ta daɗe tana kallon filin nan.

"Ba ka taɓa gaya mana ba."

"Ba ki kai rubutu ba aka zo aka ɗauke ki aka kai wa masu shanu."

Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ga ƙofa ta buɗe, na ce bari in shigar da sauran kayana.

"Baba Goni, saura abu ɗaya. In lokaci ya kusa cika, waɗanda suka rage ta cike kowace amsa kawai. Ba a rage wa mutum maki in ya kuskure. Amsa huɗu ce a kowace tambaya, in ta canki goma sha biyu, uku za su faɗa daidai. Maki uku a banza."

Fuskarsa ta canza. Wasan ya tafi.

"Ta sa hannu a kan abin da ba ta sani ba, ta ce ta sani?"

"Ba shaida ba ce, Baba, jarrabawa ce. Kowa haka yake yi."

"Wadda za a ba wa ran mace da na jariri? A'a. Abin da ta yi aiki a kansa zuciyarta ta karkata, ta rubuta. Abin da ba ta san kansa ba, ta bar shi fari."

Na juya wajen Kaltume ina neman agaji. Ta ce, "Kin ji abin da ya ce." A kan tabarmar nan na yi asarar maki uku, kuma har muka hau motar komawa Gwammaja ina jin zafinsu.

Daga ranar muka ajiye kwalina da cokalina. Zagaye uku take yi. Na farko, wanda ta sa wa suna baƙi, ta bi hamsin ɗin duka ta amsa waɗanda ta gane da gani ɗaya, sauran ta ɗiga musu fensir a gefe. Na biyu, ja, ta dawo kan masu bukatar aiki. Abin da ya rage na lokaci na masu taurin kai ne. Gwaji shida muka yi kafin ranar: ashirin da biyu, ashirin da shida, goma sha ɗaya, ashirin da tara, ashirin da huɗu, talatin da ɗaya. Goma sha ɗayan nan ya kusa kashe ni. Ta tsallake tambaya a takardar tambayoyi amma ba ta tsallake layinta a takardar amsa ba, duk abin da ya biyo baya ya zame da gida ɗaya. Daga nan na sa ta riƙa danne layin da rula, tana faɗin lambar a zuci kafin ta cike. A lissafina tana bukatar kusan talatin a wannan takarda, in aka haɗa da ɗaya takardar lissafin da ake nuna aiki, wadda take ɗan taɓukawa. Sau ɗaya tak ta haura talatin.

A wata makarantar sakandare a bayan ganuwa aka yi jarrabawar. Na nemi izini a wurin aiki na raka ta, na zauna a gindin darbejiya a bakin ƙofa da agogona a hannu. Ban taɓa sanin minti casa'in yana da tsawo haka ba. Da aka buɗe ƙofa na ƙirga mutum sittin da huɗu kafin ta fito, tana tafe tana goge tafin hannunta a hijabi.

"Yaya?"

"Ta jirgin ta zo."

"A ta nawa?"

"A ta uku."

"Kika yi yaya?"

"Na zauna a kanta." Ta ƙi haɗa ido da ni. "Wallahi na san ban kyauta ba, amma ina ganin kamar saura kaɗan ta fito. Sai da na ji ta kusa da ni ta juya shafi karo na biyu. Na duba agogon bango, minti goma sha uku sun tafi. Na ɗiga mata fensir, ina ji kamar na yi sata. Na wuce."

"Kin dawo kanta?"

"Ban samu lokaci ba."

"Guda nawa kika amsa?"

"Arba'in da ɗaya."

"Tara fa?"

"Da aka ce saura minti biyar, ɗakin gaba ɗaya sai ƙarar fensir kike ji, kowa yana cikewa ido rufe. Ni na ajiye nawa."

Muka kama hanyar titi. A kaina ina ta bugawa: in bakwai cikin kowace goma daidai ne, ashirin da tara ke nan, ko ashirin da takwas. A kan iyaka take cif. Maki biyun da taran nan za su iya bayarwa su ne za su iya zama bambancin.

Wata huɗu muka jira. Azumi ya zo ya wuce, aka yi salla. Sau biyu ana aiko wa Hajiya Luba daga sakatariya cewa ta miƙa suna, tana cewa fayil ɗin yana hannunta tana dubawa. A karo na uku aka ba ta mako ɗaya. Kaltume ta rame, ta daina zancen gaba ɗaya, in na ɗauko shi sai ta tashi ta shiga madafa.

Ranar Laraba, kwana biyu kafin wa'adin ya cika, wata malama a makarantarmu ta ce an kafe sakamako. Kaltume tana aikin safe. Na bar ajina a hannun malamar, na tafi da lambar jarrabawarta rubuce a tafin hannuna. Mutane sun yi cincirindo a gaban allon, na kutsa ta ƙarƙashin hammatar wani dogo. Na bi layin da yatsa sau uku, don kada in karanta na wani.

Daga can asibitin na nufa. Aka ce tana ciki, wata tana kan gwiwa, ba a shiga. Na tsaya a baranda minti ashirin da shida ina jin nishin matar da muryar Kaltume tana cewa, "Yi haƙuri, yunƙura, saura kaɗan." Sai kukan jariri. Can ta fito da roba a hannu, hannayenta jiƙe har gwiwa, ta gan ni ta tsaya cak.

"Faɗi."

"C6."

"Shi ne me?"

"Shi ne kiredit na ƙarshe, daga shi sai fas. Anti, da kin cike taran nan da wataƙila..."

"Bahijja."

"Na'am."

"Ya isa ko bai isa ba?"

"Ya isa."

Ta ajiye robar a ƙasa a hankali, ta zauna a kan bencin masu jiran awo, ta kifa fuskarta a cinya. Kafaɗunta suna rawa, matan da ke bencin suka fara yi mata sannu, sun ɗauka rasuwa aka yi mata. Hajiya Luba ta leƙo daga ɗakin, ta dube ta, ta dube ni. Na ɗaga mata kai.

"To, madalla," ta ce. "Ke malama, je ki karɓo mana takardar shaida yau ɗin nan, kafin azahar nake son fayil ɗin ya bar teburina. Kaltume, tashi, mabiyiya ba ta faɗo ba tukuna."

Kaltume ta share fuska da gefen hijabi, ta ɗauki robarta ta koma ciki.